Jirgin ruwan da ya kai mu kufan Takwa daga Lamu

Jama'a duk wanda Allah ya kai shi Kenya ya daure ya leƙa tsibirin Lamu, garin Musulmi ne tsoho da UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya tun 2001, lunguna ne matsattsu babu hayaniyar mota sai jakuna. Amma ni kan jirgin da muka yi shata zuwa kufan Takwa a tsibirin Manda zan yi magana.

Mu huɗu ne, jirgin irin na katako ne mai tafiya da iska, mutanen can "dau" suke ce masa. Abin da ya fara burge ni da matuƙin, tun muna ciniki ya ce mana ba shi ke sa lokacin tashi ba ruwa ne, don mashigar Takwa siririya ce cikin itatuwan mikoko masu tsiro a ruwan gishiri, in teku ta janye sai taɓo, jirgi ba ya wucewa. Da muka shiga ciki ya naɗe tufar jirgin suka koma tura shi da gora shi da yaronsa, shiru kake ji sai kukan tsuntsaye, ga ƙaguwa ƙanana suna ta gudu kan saiwoyi. Wani cikinmu ya kai hannu zai karyo reshe matuƙin ya ce ɗan'uwa bar shi, a nan ƙananan kifi ke girma, da su muke ci.

Takwa kam wallahi jikina ya yi sanyi. Gari ne da ya bunƙasa ƙarni na 15 da 16, aka watse a ƙarni na 17, an ce rijiyoyinsu ne suka koma gishiri, mutanen suka ƙaura ƙauyen Shela da ke tsibirin Lamu. Gidajen da dutsen murjani aka gina su, masallacin Juma'a na nan da mihrabinsa da dogon ginshiƙi a saman bangon alƙibla, na daɗe tsaye a gun ina tunanin sahun da aka taɓa yi a wurin.

Kunkurun teku dai ba mu gani ba, kuma tun farko matuƙin bai yi mana alkawari ba, ya dai nuna mana yashin bakin teku ta bayan kufan inda suke fitowa saka ƙwai ya ce kar mu taka sama.

Abin da bai min daɗi ba, rigunan kariya daga nutsewa biyu ne kacal a jirgin, mu shida har da shi da yaronsa, kuma ruwan roba ya yi ta raba mana alhali robobin ne muka gani maƙale cikin mikoko. Na faɗa masa gaba da gaba. Abincin rana kuwa gasasshen kifi da shinkafar kwakwa, ba a magana.

Tauraro 4 cikin 5 na ba shi. In za ku je ku tafi da gorar ruwanku, ku ƙirga rigunan kariya kafin ku biya, ku tambayi ƙarfe nawa ruwa ke cika ranar.