Tarkon keji da ragar ƙarfe: wata takwas ina gwada su a gidanmu na Tudun Wada

Na daina sa shinkafar ɓera tun ranar da na tarar da kajina biyu a sanƙare a gindin zogale. A bayan buhu muka ajiye maganin, suka tono suka ci. Ga autana a lokacin yana rarrafe, duk abin da ya tsinta sai baki. Na ce wa Baban yara guba ta gama shiga gidan nan, ko da ɓerayen za su cinye mu.

Muna da ɗan fili a bayan ɗakuna inda nake shuka dankalin Hausa da gyaɗa da kuɓewa. Ƙananan ɓeraye suna ɓarna a kicin, amma wadda ta fi ƙona mini rai gafiya ce. Ta haƙo rami ta ƙarƙashin katanga daga wajen kwalbati, kullum da safe sai in ga tulin sabuwar ƙasa, an yashe kunyar dankali. Ba a banza ake cewa gafiya tsira da na bakinki ba, a kumatu take cusa gyaɗar ta kai rami ta tara.

Na fara da dabarun wari da ake ta yabawa: man na'a-na'a a jikin auduga, da garin barkono da toka a bakin rami. Kwana biyu zuwa uku kamar abin ya yi, sai warin ya gushe a zafin Afrilu su dawo. Kyanwarmu tana kama ƙanana, amma ko kusa da gafiya ba ta zuwa.

Inna, surukata, ita ta fara nuna mini inda gizo ke saƙar. Ta leƙa akurki ta ce, "Ke 'yar nan, in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Dubi dusar kajinki a buɗe." Na juye dusa da masara a duron ƙarfe mai murfi. Bokitin roba ba ya hana su, domin haƙoran gaba na ɓera ba sa daina tsiro, shi ya sa kullum yake cikin gwaguya.

Daga nan muka shiga kasuwar Sabon Gari muka sayo abu biyun da nake son yin magana a kansu.

Tarkon keji ne na waya, mai ƙofar da ke rufowa da zarar an taɓa abincin da ke rataye a ƙugiya. Mai waldar da ya ƙera shi ya ce mini, "Hajiya, kada ki ɗana shi yau. Ki ɗaure ƙofar a buɗe, ki sa ƙuli-ƙuli su ci kyauta kwana uku." Gaskiyarsa kuwa. Ɓera yana tsoron baƙon abu a hanyarsa, sai ya saba yake sakin jiki. Kuma a jikin bango ake ajiye tarkon, don bin bango suke yi, ba sa son ratsa tsakiyar fili. A makon da na fara ɗanawa na kama biyar. Ƙuli-ƙuli da kan busasshen kifi sun fi komai ja, tuwo kuwa tururuwa kawai yake tarawa.

Abin da ya fi kwanta mini a rai shi ne ina ganin abin da na kama kafin a yi masa komai. Sau biyu ɗan tsako ya faɗa, na buɗe ya fita lafiya lau. Da tarkon katako mai datsewa ne, da sai dai gawa. Jaɓa ma ta shiga na sa aka sake ta, duk da warinta, tunda ƙwari take ci ba hatsi ba.

Yana da aibu. Ƙaramin da na fara saya bai ɗauki gafiya ba, ƙofar ta faɗo mata a gadon baya ta ja da baya ta tsere, ta kuma yi kusan wata tana kauce masa. Sai da muka koma aka ƙera babba sannan ta shiga hannu. Da damina ta sauka kuma ya yi tsatsa, ƙofar ta riƙa cijewa sai an ɗiga mata mai. Bakin wayar ma yana yanka hannu.

Sannan akwai abin da ba na wasa da shi. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno, ta fitsari da kashin ɓera yake kama mutum. Don haka ba mai taɓa kejin da hannu tsirara a gidana, yara kuma ba sa zuwa kusa. Baban yara ne ke sa safar hannu ya kashe abin da aka kama, ya binne da zurfi, a wanke kejin da bilic a shanya a rana.

Ita kuwa ragar, a wurina ta fi tarkon amfani, don tarko rage su yake yi, raga ce ke hana sababbi shigowa. Kada a sayi ragar kaji, idanunta sun yi faɗi, wayarta siririya ce. Mai kauri mai ƙananan idanu, wadda fensir ba zai ratsa ba, ita muka sa a rariya da tagar sito. A gindin katanga aka haƙa kamar kamu ɗaya aka binne ta, aka lanƙwasa ƙasanta waje yadda mai haƙowa zai ci karo da ƙarfe. Aiki ne na yini guda da magini, ya kuma ci kuɗi fiye da tarkunan biyu a haɗe.

Matsala ɗaya ta ba mu. A ruwan Agusta ganye da leda suka toshe ta a bakin rariya, ruwa ya taru har ƙofar kicin. Yanzu da na ga hadari ya haɗo nake aika yara su share wurin. Bana na haƙe dankalina kwando biyu, guda uku kawai na samu da tabon haƙori.