Final Fantasy VII ko Skyrim: da wanne za ka fara?

Ɗan'uwa, tambayarka ita ce: ba ka taɓa buga wasan RPG ba (wato wasan da kake zama jarumin labari, ƙarfinka yana ƙaruwa a hankali), ƙwallo da GTA ka saba da su, kana da tsohuwar laftof da wayar Android, ana ta yabon Final Fantasy VII da Skyrim a gabanka, to wanne za ka fara ɗauka? Na daɗe ina buga su duka biyun, kuma a ganina ka fara da Skyrim, ko da yake zuciyata tana wajen ɗayan.

Asalinsu ɗaya ne idan aka bi salsala. A 1974 aka fitar da Dungeons & Dragons a Amurka, wasan da ake yi a kan tebur da takarda da alƙalami. Daga shi aka samu Ultima da Wizardry a kwamfuta a 1981. Mutanen Japan suka ga abin, suka sauƙaƙa shi suka mayar da shi na'urar gida: Dragon Quest a 1986, Final Fantasy a 1987. Daga nan hanya ta rabu. Na Japan suka fi karkata ga ba ka labari tsararre, na Yamma kuma suka riƙa buɗe maka duniya su sake ka a cikinta.

Final Fantasy VII ya fito a 1997 a PlayStation ta farko, a faifai uku. Ba kai kake ƙirƙirar jarumi ba, an riga an ba ka Cloud da ƙaton takobinsa, da abokansa, da kamfanin Shinra mai tsotse ƙarfin ƙasa yana sayar da shi a matsayin wutar lantarki. Za ka shafe sa'o'i a cikin birnin Midgar kaɗai kafin a bar ka ka fita fili. Faɗan kuma ba na danne-dannen maɓalli ba ne. Mutum uku ne a ɓangarenka, kowa yana jiran ma'auninsa ya cika sannan ka zaɓar masa abin da zai yi. Tun a babban abokin gaba na farko wasan yake gwada haƙurinka: wata ƙatuwar kunamar ƙarfe ce, da zarar ta ɗaga bindinta sama sai ka dakata. Idan ka kai mata sara a lokacin, ta mayar maka da wutar da za ta kusan gama da ku. Wanda ya saba da ƙwallo hannunsa ba ya son jira, nan yake shan kashi.

Daɗin faɗan yana cikin wasu duwatsu da ake kira Materia, waɗanda kake cusawa a ramukan makami da sulke. Wasu ramukan a haɗe suke biyu-biyu. Ka sa dutsen warkarwa a ɗaya, ka sa dutsen All a ɗayan, sai maganin ya kama mutanenka duka a lokaci guda. Ranar da ka gano wannan da kanka, wasan zai canza maka baki ɗaya. Ga kiɗan Nobuo Uematsu, wanda har yanzu ban ji na biyunsa ba a wasan bidiyo.

Skyrim kuma na salon Yamma ne, na kamfanin Bethesda, ya fito ranar 11 ga Nuwamba, 2011. A nan kai za ka zaɓi ƙabilarka cikin goma, ka tsara fuska, ka raɗa suna. Kana tsira daga harin dodo mai aman wuta a garin Helgen, shi ke nan, duniya taka ce. Kana iya watsar da babban labarin ka tafi farauta, ko ƙira, ko sata, ko ka sayi gida a Whiterun. Fannoni goma sha takwas ne na ƙwarewa, kowanne yana ƙaruwa ne da yawan yin sa: ka yawaita harbi da baka, ka zama maharbi. Tunda ka buga GTA, ba sai an koya maka wannan 'yancin ba. Gargaɗi ɗaya: kada ka taɓa kazar da ke yawo a ƙauyen Riverwood, don mutanen garin kaf za su yi maka ca.

Sai dai labarin Skyrim bai kai ko kusa da na Final Fantasy VII ba. Mutanensa ba sa zama a rai, faɗan takobinsa sara ne da karewa kawai, kogunansa kuma bayan wani lokaci sai su fara kama da juna. Final Fantasy VII kuwa kamar tatsuniyar kaka ne, ka zauna ka saurara har ƙurunƙus, shi ya sa mutane suke tuna shi bayan shekara ashirin da ɗoriya.

Abin da ya sa duk da haka na ce Skyrim, har da yanayinmu. A tsohon Final Fantasy VII ba ko'ina ake adana wasa ba, sai a wurare na musamman ko a kan babbar taswira. A laftof mai mataccen batir, aka ɗauke wuta kana tsakiyar kogo, aikin sa'a guda ya tafi. A Skyrim ka danna F5 ya adana maka nan take. Sannan Final Fantasy VII babu murya ko ɗaya, rubutun Turanci ne zalla daga farko har ƙarshe, kuma mutanen cikinsa a fili kamar an sassaƙa su da katako, abin da ke korar sababbin 'yan wasa. Skyrim ana magana da baki, ga rubutu a ƙasa idan ka kunna.

Ta fuskar na'ura, Skyrim na asali na 2011 yana tafiya a kwamfutoci masu rauni idan ka rage ingancin hoto. Wanda aka sabunta a 2016 ya fi nauyi, yana cin wajen giga 12, sai ka lissafa datarka. Final Fantasy VII kuma yana Android tun 2016, har da damar kashe faɗace-faɗacen da ke tare mutum a hanya, saboda haka ka ajiye shi a waya don lokacin da ka saba da salon. Final Fantasy VII ɗin da aka sake ginawa a 2020 wasa ne daban, labarin Midgar kaɗai ya ƙunsa, kuma laftof ɗinka ba za ta ɗauke shi ba.

Kada wannan rabon na Japan da Yamma ya zame maka doka. Elden Ring na 2022 a Japan aka yi shi, amma sakin mutum yake yi fiye da Skyrim. Baldur's Gate 3 na 2023 daga Beljiyam yake, faɗansa kuma na jiran layi ne, ga shi yana neman giga 150. Idan ka gama da Skyrim kana son buɗaɗɗiyar duniya mai labari mai nauyi, The Witcher 3 na 2015 ne mataki na gaba, amma akwai tsiraici da ashar a cikinsa, kada ka kunna shi a falo gaban ƙannenka.