Ranar da na duƙa wa karen Baturiya

'Yan'uwa, watana huɗu kacal a Ingila na kwashi kunyar da har yau in na tuna sai na rufe ido. Ina tafe cikin wani lambun shaƙatawa, sai ga ƙaton kare mai gashi buzu-buzu ya yo kaina a guje. Sabo turken wawa, ban san sa'ad da na duƙa ina laluben dutse ba. Dutsen ma babu, ciyawa ce zalla. Shi kuwa gogan ya tsaya yana kaɗa jela, a zatonsa ƙwallo zan jefa masa.

Uwargijiyarsa, wata tsohuwa mai sanda, ita ta gane nufina. Ta taso mini kamar na ɗaga wa jikanta hannu, mutane suka tsaya kallo, ni da gemuna ina ta ba da haƙuri. Daga baya na ji cewa ba faɗan banza take yi ba: tun 2021, wanda ya azabtar da dabba a nan zai iya shan ɗaurin shekara 5.

Kare a ƙasar nan yana da rajista. Tun 2016 doka ta tilasta a sa masa wata 'yar mitsitsiyar na'ura a ƙarƙashin fata, in ya ɓace a duba a gano mai shi. Ka ƙi, tara har fam 500. Yana da inshora, yana da rigar sanyi, in ya yi tari a ranar zai ga likitansa. Ni da nake biyan haraji sai na kwana biyu ina buga waya kafin in samu layin ganin nawa likitan. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne kashi. Za ka ga mutum cikin kwat, ya sa hannu a leda yana kwashe na karensa da ɗuminsa, wanda ya yi ganda kuma ya bar maka shi a bakin ƙofa.

Amma ranar da na ga kare ya ja wani makaho ya tsayar da shi a bakin titi har motoci suka wuce, jikina ya yi sanyi. Na tuna namu na gida, ƙashin haƙarƙari a waje, kunne duk ƙuda, yara na bin su da jifa manya na dariya. Alhali tun muna yara ake karanta mana hadisin mutumin da Allah ya gafarta wa don ya shayar da kare ruwa. Duk da haka, dare a nan shiru kamar maƙabarta, har kewar haushinsu nake yi.

Tsohuwar nan yanzu muna gaisawa. Ta ce tun rasuwar mijinta, akwai ranar da ba ta magana da kowa sai karen. Shi kuma kullum sai ya shinshina mini takalmi, ni dai ina tsaye ƙiƙam ina addu'a kada ya ɗauka.