Optolong L-eXtreme: filtar da ke fito da nebula duk da fitilun gari

Mai ɗaukar hoton nebula, wato gajimaren iskar gas da ƙura na sararin samaniya, daga cikin gari ya san matsalar: ka buɗe kyamara minti ɗaya, sama ta fito fari-fari kamar an watsa mata toka, abin da kake nema ya nutse. Filtar L-eXtreme ta kamfanin Optolong don wannan aka yi ta, kuma tana yin aikin, muddin ka san irin nebular da za ka nufa.

Gilashi ne mai ƙofofi biyu kacal. Ɗaya tana barin jan hasken haidurojin, wato Ha, mai tsawon zango nanomita 656.3, ya wuce, ɗayar tana barin hasken oksijin mai launi tsakanin kore da shuɗi, OIII, da ke 500.7. Faɗin kowace ƙofa nanomita 7 ne, sauran haske duk an tare shi. Fitilun titi na LED suna watsa haske a kusan kowane launi, shi ya sa tsofaffin filtoci da aka ƙera don tare fitilun sodiyam ba sa yin wani tasiri a kansu. Ita wannan ba ta zaɓen abin da za ta tare, abin da za ta bari ta zaɓa. An yi ta ne don kyamara mai launi, irin su ZWO ASI533MC Pro ko ASI2600MC Pro. Ana samunta a inci 1.25 da inci 2. Na inci 2 za ka saya idan sensar kyamararka ta kai girman APS-C, irin na ASI2600MC Pro, in ba haka ba kusurwoyin hoto za su yi duhu.

Inda take burgewa shi ne nebulolin da ke fitar da haskensu da kansu. Veil, ragowar tauraron da ya fashe a rukunin taurari na Cygnus, tana fitowa zare-zare, ja da shuɗi a rarrabe. Haka nebulolin NGC 7000 da Rosette. Taurari kuma suna ƙanƙancewa sosai, don an yanke yawancin haskensu, sai gajimaren ya samu sarari. Amma kada ka kai ta kan Kaza da 'Ya'yanta, M45, domin shuɗin da ke kewaye da su hasken taurari ne da ƙura ke mayarwa, filtar za ta cinye shi. Andromeda ma haka, domin ita tarin taurari ce, haskenta na taurari ne. Ɓata dare ne kawai.

Farashin da za ka biya shi ne lokaci. Haske kaɗan ke wucewa, kuma a sensa mai launi fiksel ɗaya cikin huɗu ne ja, shi kaɗai ke kama Ha sosai. Don haka kowace ɗauka ta kai sakan 180 zuwa 300, jimillar dare kuma kada ta gaza awa uku. OIII ya fi rauni a yawancin nebulolin, sai ka kai awa shida kafin hatsi-hatsin da ke cikinsa ya kwanta. Minti biyar a buɗe kuwa ba ya yiwuwa sai da ƙafar da ke bin juyawar sama daidai, da ƙaramar kyamarar jagora ta manhajar PHD2. Wanda bai mallaki waɗannan ba, su ya kamata ya fara saya kafin filta. Tsakiyar M42, nebular Orion, daban take: tana ƙonewa fari fat a minti uku, sai an haɗa da gajerun ɗauka na sakan 10 zuwa 30.

Aibinta da kowa ya sani shi ne da'irar da take yi wa taurari masu ƙarfi, kamar yadda wata ke yin sansani. Tauraron Alnitak, da ke kusa da nebular Kan Doki, shi ne ke tona asirinta. A ɓangaren OIII da'irar ta fi fitowa. Ana iya rage ta wajen gyara hoto, ba ta ɓacewa gaba ɗaya. Na biyu, na'urar hangen nesa mai saurin tara haske ƙwarai, irin RASA mai kusan f/2 (ƙanƙantar lambar f ita ce saurin), tana aiko haske a karkace, ƙofar filtar sai ta goce gefe, wani kaso na Ha ya faɗi waje. Daga f/4 zuwa f/7 babu wannan damuwa. Wata kuwa, idan ya kusa cika, Ha na jurewa, OIII ne ke dushewa, don haka ka nufi abin da ke nesa da shi a sama.

Kurakuran da aka fi yi wajen ɗaurawa ƙanana ne amma suna lalata dare. Saita kaifin hoto da filtar a ciki, a kan tauraro mai haske, da marfin Bahtinov, mai tsage-tsage da ake sawa a bakin na'ura don saita kaifi, don ƙananan taurari ba za su bayyana a allo ba. Gilashin yana tura wurin haɗuwar haske baya da kusan kashi ɗaya cikin uku na kaurinsa, wato ɗan fiye da rabin milimita. Idan madaidaicin filinka, gilashin da ke gyara siffar taurarin gefen hoto, na buƙatar tazarar milimita 55 zuwa sensa, ƙara siririn zobe, in ba haka ba taurarin gefe za su miƙe kamar ƙwayar shinkafa. Hotunan filat, waɗanda ake ɗauka a kan haske bai ɗaya don cire duhun kusurwa da tabon ƙura, su ma da filtar a ciki ake ɗaukarsu, ba tare da an juya kyamara ba. Mai kyamarar DSLR da ba a cire mata gilashin gaban sensa ba ya sani cewa kyamarar da kanta tana tare yawancin Ha, rabin amfanin filtar ya tafi ke nan.

Hoton farko zai fito ja wur, kada ka tsorata. Manhajar Siril, wadda kyauta ce, tana raba Ha da OIII. Ka sa Ha a ja, OIII a kore da shuɗi, ka ɗaga OIII har ya kamo ɗan'uwansa.

Ga mai sama mai duhu-duhu, filtar L-eNhance ta Optolong, mai ƙofofi masu faɗi, ta wadatar kuma ta fi barin launin taurari. Filtar L-Ultimate mai ƙofofin nanomita 3 ta fi tsabtar hoto amma ta fi cin lokaci. Ga wanda fitilu suka kewaye, mai kyamara mai launi da na'ura tsakanin f/4 da f/7, L-eXtreme ce zan ce ya ɗauka.