Rumfar Baba Mai Shuke-shuke a Hanyar Legon

Duk wanda ke zaune a gidan haya a Nima ko Mamobi, cikin birnin Akra na Ghana, yana sha'awar ganin ɗan koren ganye a ɗakinsa amma bai taɓa rainon shuka ba, shawarata ita ce ya fara da wajen wani dattijo da ke bakin titin da ya tashi daga wajen asibitin sojoji na 37 ya nufi unguwar Madina, kafin a kai Legon. Masu wannan sana'a suna da yawa a kan hanyar, kuma kayansu kusan iri ɗaya ne. Abin da ya sa na ware shi daban shi ne ba ya miƙa maka shuka sai ya san ɗakin da za ta zauna.

Wurin ba shi da allon suna. Rumfa ce ta baƙar raga a gindin darbejiya, ga tukwane jere har bakin kwalbati, ƙananan dashe kuma suna cikin ledojin ruwan sha da aka yanke musu baki. Baba mutumin arewa ne, Hausarsa garau, yana kuma ciniki da harshen Twi. Yana da yaro guda mai ban ruwa da ɗaukar kaya.

Ni ɗinki nake yi, a ciki da falo nake, tagar falon kuwa katangar maƙwabci take kallo. Fure na je nema, mai launi, irin wanda za a shigo a ce masha Allah. Na nuna wata wardi ja, sai Baba ya ce, "'Yata, da rana tsaka kina iya zura zare a allura a falon nan ba ki kunna wuta ba?" Na ce sai na matsa jikin taga. Ya tambayi ko famfo na zuwa kullum, da ko akwai yaro mai rarrafe a gidan. Da ya gama ji sai ya mayar da wardin inda take, ya ce wannan tana son rana kamar awa shida a yini, in na kai ta can kuɗina kawai zan zubar. Wardin ta fi tsada a kan abin da ya ba ni a madadinta, kuma wannan ne ya sa na yarda da shi.

Moda ya ba ni, mai dogayen ganye masu kauri da ke tsaye cak, da ratsin kore mai duhu, wasu da rawaya a gefe. Asalinta na nan yankinmu ne, daga Najeriya zuwa Kwango, don haka zafin Akra bai dame ta ba. Tana ajiye ruwa a ganyenta, tana jure ƙarancin haske, ko da yake a ɗaki mai duhu girmanta a hankali ne. Idan za a sayi guda ɗaya tak, ita ce.

Abin da ya fi daɗewa yana yi mini bayani shi ne ruwa, kuma nan ne masu farawa ke asara. Mutum na ganin ƙauna ce ya zuba ruwa safe da yamma, alhali saiwa tana buƙatar iska. Idan ƙasa ta zauna jiƙe kullum, saiwar ta shaƙe ta ruɓe, ganye ya yi rawaya ya yi laushi daga gindi, mai shukar ya ɗauka ƙishi ne ya ƙara ruwa. Baba ya ɗauko tsinken tsire ya soka shi har ƙasan tukunya, ya zaro ya nuna mini: in ya fito da danshi ko ƙasa ta manne masa, a bari. In ya fito a bushe, a zuba ruwa sosai har ya ɗigo ta ƙasa, sannan a manta da ita. A falona, cikin damina, wajen Mayu da Yuni, modar kan yi mako uku ba ta nemi ruwa ba. Da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, ƙasar ta fi saurin bushewa. Ga mu da muke auna ruwa da galan, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Gargaɗi ɗaya dai, kada a zuba mata ruwan wanki, kuma ruwan burtsatse na wasu unguwanni yana da gishiri. Na sama ya fi, in an tara.

Daga baya na ƙara biyu. Ɗaya ita ce wadda suke kira ZZ, mai ganye masu sheƙi, 'yar gabashin Afirka. A ƙarƙashin ƙasa tana da ƙullutu kamar dankali inda take tara ruwa, shi ya sa ko an yi tafiyar wata guda aka bar ta, za a dawo a same ta. Tana da tsada saboda jinkirin girmanta: ƙaramar moda sidi 40 na saya, ZZ mai tsayi ɗaya da ita kuwa sai da na ba da 120. Ɗayar ita ce fotos, mai yaɗon nan da wasu ke kira shukar kuɗi. Ita ce mafi sauƙin fahimta ga mai koyo, domin in tana jin ƙishi ganyenta kan sunkuya, a ba ta ruwa zuwa yamma ta miƙe. A yanki reshe ƙasa da gaɓa a tsoma a kwalba, cikin 'yan makonni ya fid da saiwa. Matan gidanmu uku yanzu duk daga tawa suka samu.

A nan tambayarsa game da yaro mai rarrafe ta yi amfani. Fotos da ZZ suna da wani sinadari a jikinsu da ke ƙona baki da maƙogwaro idan aka tauna, ita ma moda tana ɓata ciki. A gidan da yaran maƙwabta ke shiga ɗakin kowa, a rataye su sama ko a ɗora kan kabad. Alobera kuwa, wadda kowa ke nema saboda gashi da ƙuna, ya ce ta baranda ce, a ɗaki marar haske sai ta yi siriri ta kwanta.

Wurin yana da nasa aibu, kuma babba shi ne ƙasar. Baƙar ƙasa zalla suke zubawa, mai nauyi. A fili inda iska ke kaɗawa tana bushewa, amma a ɗaki sai ta riƙe ruwa ta yi taɓo. Idan ka roƙi Baba ya cuɗa maka da yashi mai tsakuwa da ɓuntun shinkafa da gutsuren gawayi, zai yi ba tare da ƙarin kuɗi ba. Amma sai ka roƙa, kuma in yaron ka tarar shi kaɗai, leda zai yaga ya juye a tukunya yadda take. Wanda ya san illar yawan ruwa kamar Baba bai kamata ya bar wannan ga sa'a ba.

Haka tukwanen. Na siminti masu fenti sun fi ɗaukar ido, amma da yawa ba su da huda a ƙasa, ko hudar ta toshe da fenti. A juya a duba. Na fi son na yumɓu da yake sarowa daga Vume, garin maginan tukwane da ke hanyar Aflao, domin jikinsu na fitar da danshi. Farantin da ake sa wa a ƙasa kuma a riƙa zubar da ruwansa, haka kwalbar fotos a canza mata ruwa duk mako, saboda sauro na iya kammala girma daga ƙwai cikin kamar mako guda zuwa kwana goma a ruwan da ya kwanta.

Farashi na baki ne, kuma na lura wanda ya sauko daga motar kansa ba kuɗi ɗaya ake faɗa masa da wanda ya sauko daga trotro, wato ƙaramar bas ta haya, ba. A yi ciniki. A kuma ɗaga ganye a duba bayansa, don na ga wasu fotos ɗinsa da fararen ƙwarin nan masu kama da auduga da ke tsotse ruwan shuka. Tsumma da ruwan sabulu kaɗan na cire su, amma gara kada a shigo da su gida tun farko.

Akwai magana ɗaya da ban bi shi a kai ba. Yakan ce moda tana tace iskar ɗaki. Zancen ya samo asali ne daga binciken da hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta yi a 1989, amma a cikin akwatuna rufaffu aka yi gwajin. A 2019 masu bincike a Jami'ar Drexel ta Amurka suka sake duba irin waɗannan gwaje-gwaje, suka ce sai an cusa shuka 10 zuwa 1,000 a kowace murabba'in mita kafin su yi abin da shigar iska daga waje ke yi. Don haka a saya don kyau da sanyin ido, a kuma buɗe taga.

Inda ya fi burge ni shi ne bayan ciniki. Modar maƙwabciyata ta fara ruɓewa daga gindi, muka kai masa. Ya zare ta daga tukunya, ya yanke ruɓaɓɓen da reza, ya gutsura lafiyayyen ganyen gida uku, ya yi wa ƙasan kowane yanki alama don kada a dasa shi a kife, ya ce ta bar su a inuwa kwana biyu bakin yankan ya bushe kafin ta kafa su a yashi. Ya kuma gaya mata tun da wuri cewa sabon tohon zai fito ba rawayan gefen, don kada ta ce an cuce ta. Ko kwabo bai karɓa ba. Ana kuma iya tura masa hoto ta WhatsApp, ya amsa da murya.

Kula ta yau da kullum ba ta da yawa. A goge ƙurar hunturu da tsumma mai danshi, kada a shafa wa ganye mai don ya yi ƙyalli, kuma ɗanyen kashin kaji na ƙona saiwa, ga wari a ɗaki.

Da safe ya fi kyau a je, kafin cunkoson hanyar, kuma ranar Juma'a Baba yana masallaci da rana, yaron ne kawai a rumfa. Yana karɓar kuɗi ta MoMo, wato turawa ta waya. Mai dawowa a trotro ya tafi da bokiti ya sa tukunyar a ciki, ya kuma naɗe ganyen moda da jarida, domin ganyen da tsininsa ya karye ba ya ƙara tsawo.