Sharhi kan ƙaramin injin walda na inbata: ya dace da mai koyo a Legas, amma a yi hattara da lambar jikin kwali

Wanda yake son fara 'yan haɗe-haɗen ƙarfe a gida, irin su ƙarfen taga, teburin shago, kejin janareta ko gyaran ƙyauren get, injuna uku zai fi cin karo da su a kasuwannin Legas: babban taransifoma wanda ake naɗawa a nan gida, ƙaramin inbata, wato inji mara nauyi mai allon lantarki a ciki, mai cin sandar walda, da injin MIG mai turo waya. Wanda na yi aiki da shi har nake sharhi a kansa shi ne na biyun, irin mai rubutun 200A a jiki, wato amfiya 200, ma'aunin yawan wutar da yake fitarwa, wanda nauyinsa bai wuce kilo 4 ko 5 ba. Hukuncina a taƙaice: shi ya kamata mai koyo ya saya, amma ba don dalilin da mai shago zai faɗa maka ba.

Mai shago zai nuna maka lambar kwali, 200, 300, wani har 400. Ka bar kwalin, ka juya injin ka duba allon bayanin da ke ƙasa ko baya. Lissafin a fili yake. Inji mai ba da amfiya 200 na gaskiya yana fitar da wajen kilowat 5.6 a bakin sanda, don haka abin da zai ja daga bango ba zai gaza amfiya 28 ba, a yawancin masu araha ma ya kan kusanci 40. In ka ga wurin da aka rubuta I1max, wato iyakar amfiyar da injin ke ja daga bango, yana nuna ashirin da 'yan kai, to injin da ke hannunka na amfiya 120 zuwa 140 ne, komai aka buga a kwali. Wannan ba aibi ba ne, domin aikin gida bai cika neman fiye da haka ba. Abin gudu shi ne ka biya kuɗin 300 ka tafi gida da 130.

A allon nan kuma akwai layin da ke nuna juriyar injin cikin kowane minti goma. In an rubuta 60% a kan amfiya 100, ma'anarsa minti shida yana ƙona sanda, minti huɗu yana hutawa. Mai koyo ba ya ƙure wannan, saboda lokacin da yake ɓatawa wajen awo, yanka da kankare ɓawon da sanda ke bari a kan walda ya fi na waldar kanta yawa. Idan fitilar zafi ta kama, kada ka kashe injin, ka bar fanka ta ci gaba da juyawa har fitilar ta mutu.

Babbar magana a Legas ita ce wuta. Ko kana ƙarƙashin Ikeja Electric ko Eko, a takarda bolt 230 ake ba ka, amma duk wanda ke zaune a Agege ko Idi-Araba ya san yadda take raguwa da yamma. A nan inbata ta yi wa taransifoma fintinkau. Taransifoma yana kunna sanda sai ka ga fitilun maƙwabta sun yi ja, kuma a gidan haya wannan kaɗai ya isa a kai ƙararka wurin mai gida. Inbata kuwa tana jure ragin wuta daidai gwargwado, kuma ba ta cinye yunit ɗin mita da yawa: da sanda geji 12 (geji lambar kaurin sanda ce) a amfiya 80, awa guda cur na ƙonawa ba tsayawa bai fi yunit biyu da ɗan wani abu ba.

Soket ɗin ɗaki mai fiyus na amfiya 13 zai ɗauki geji 12, wato sanda mai kaurin milimita 2.5. Da ka hau geji 10, mai milimita 3.2, injin zai ja wajen amfiya 20, sai fiyus ya ƙone ko filogi ya narke. Masu naɗe fiyus da waya suna neman gobara ne. Gara mai gyaran wuta ya ja maka layi na musamman daga akwatin rarraba wuta, da wayar da ba ta gaza milimita 4 ba (awon waya da murabba'in milimita ake yi) da nata bireka. In za ka ƙara doguwar waya, ta kasance milimita 2.5 aƙalla, kada ta wuce mita 20, kuma ka warware ta duka, domin naɗaɗɗiyar waya zafi take yi.

Janareta fa? Ƙaramin nan na kunna fitila da fanka ba ya cikin lissafi. Mai 2.5kVA zai yi ta shaƙewa duk lokacin da sanda ta taɓa ƙarfe, kuma hawa da saukar wutarsa ne ke kashe allon lantarkin cikin inbata. Daga 5kVA zuwa sama, mai na'urar daidaita wuta, shi ne hankali kwance. Ka tayar da janareta ya daidaita kafin ka kunna injin, ka kuma kashe injin kafin ka kashe janareta.

Wajen aikin kansa, injin ya burge ni. Wutarsa DC ce, wato mai bin hanya ɗaya irin ta batir, tana kamawa da sauƙi, ba ta yawan tartsatsi, kuma in sanda ta manne sai ya rage wuta da kansa, ka karya ta gefe ta fita ba tare da ta yi ja ba. Sandar da za ka fara da ita E6013 ce. Geji 14, wadda ta fi geji 12 siriri, tana son amfiya 40 zuwa 60, geji 12 tana son 60 zuwa 90, geji 10 kuma 90 zuwa 130. Kada ka dogara da lambar da allon gaba ke haskawa, sau da yawa ado ce. Ka gwada a guntun ƙarfe: in sanda na yawan mannewa kuma ɗinkin ya taru kamar igiya a saman ƙarfen bai shiga ba, wuta ta yi kaɗan. In tartsatsi ya yi yawa, gefen ɗinkin ya zaizaye, sandar ta yi ja kafin ta ƙare, wuta ta yi yawa. Tazarar bakin sanda da ƙarfe kada ta wuce kaurin sandar, ka karkata ta kaɗan kana jan ta.

Inda mai koyo ke shan wahala shi ne siririn fayif mai kusurwa huɗu, na milimita 1 ko 1.2, wanda ya cika kasuwa saboda araha. Sanda geji 12 tana huda shi nan take. Maganinsa geji 14, ƙaramar wuta, a mayar da wayar holda, wato mariƙin sanda, kan alamar ragi wato (−), sannan a riƙa ɗigawa ana ɗagawa maimakon jan dogon ɗinki. Duk da haka ban ba ka shawarar koyo a kansa ba. Ka je Owode Onirin da ke kan titin Ikorodu, ka sayi guntayen falankin ƙarfe mai kaurin milimita 4 zuwa 6, ka ƙone fakitin sanda guda a kansu kafin ka taɓa aikin da za a gani.

Kayan da ke zuwa cikin kwalin su ne raunin wannan inji. Wayoyin gajeru ne, kuma in ka kankare bakinsu sau da yawa za ka tarar alminiyon ne aka shafa wa jan ƙarfe, shi ya sa suke zafi. Maƙalar at ɗin kuwa, wato wadda ake maƙalawa a jikin ƙarfen da ake wa walda, gwangwani ce, ba ta kama ƙarfe da kyau, kuma rashin kamun at ne ke sa mutum ya zargi inji alhali lafiyarsa ƙalau. Ka canza su da wayar jan ƙarfe milimita 16, mita uku ko huɗu kowacce, da maƙala mai ƙarfi, ka riƙa goge tsatsa ko fenti a wurin da za ka kama. Garkuwar fuskar da suke haɗowa ta riƙewa da hannu ce, ka ajiye ta ka nemi hular walda mai duhunta kanta, ka sa ta a lamba 10 ko 11. Baƙin tabarau da ake gani a bakin titi ba ya kare komai. Hasken yana ƙona fatar ido, zafin kuma sai cikin dare yake tashi. Ka haɗa da safar hannu ta fata, guduma ta kankare ɓawo, burushin waya da giranda mai faifan milimita 115. In kuɗinka duka ya ƙare a kan inji, ba ka gama saye ba.

Danshin Legas ma yana da nasa hukunci. Sanda ta sha laima sai ta riƙa tofi tana barin ƙananan ramuka a ɗinki, don haka ka adana ta cikin roba mai murfi, nesa da ƙasa. Sandar E7018 ta fi E6013 ƙarfi amma ta fi kowacce saurin shan danshi, ka bar ta sai hannu ya faɗa. Ƙurar giranda kuma ita ce ajalin inbata: fanka na zuƙe garin ƙarfe ya kwanta a allon ciki, danshi ya haɗu da shi, sai ƙonewa. Ka ajiye injin nesa da inda tartsatsin giranda ke zuba. Aikin da ka gama, musamman a Ajah ko Badagry inda iska ke ɗauke da gishiri, ka shafa masa jan fentin hana tsatsa a ranar. Kada ka yi walda a jiƙaƙƙen ƙasa ko da jiƙaƙƙiyar safa, kada ka shaƙi farin hayaƙin ƙarfe mai rufin zinki, kuma duro ko tankin da ya taɓa ɗaukar fetur ba wurin koyo ba ne, ko da an wanke shi.

MIG ya fi sauƙin koyo kuma ya fi kyau a siririn ƙarfe, wannan gaskiya ne. Sai dai ya fi tsada, yana neman tukunyar gas ko waya mai hoda a ciki, wayar tana tsatsa in ta daɗe a ajiye, kuma iskar tsakar gida tana kore gas ɗin. Wanda aikinsa gyaran jikin mota ne, shi ya kamata ya duba can. Taransifoman gida kuma na mai shago ne da ke ƙona geji 10 daga safe zuwa yamma, ga shi ana iya sake naɗa shi in ya ƙone.

In za ka saya a Alaba ko Trade Fair, ka tafi da sandunan geji 10 biyu da guntun ƙarfe, ka ce a jona injin a gabanka. In ya ƙone sandar har ƙarshe ba yankewa, ya isa aikin gida. Ka sa a rubuta lambar injin da tsawon garanti a kan rasit, ka kuma tambayi inda ake gyara allonsa kafin ka ƙirga kuɗi.