Ajiyar bindiga a shagon dillali mai rajista a Ingila: abin da na gani cikin mako bakwai

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina zaune a arewacin Ingila, kuma shida daga cikinsu na yi su ne ina riƙe da lasisin bindigar farauta, domin a ƙarshen mako nakan je filin da ake harbin faifan yumɓu da na'ura ke cillawa sama. Bindigogina biyu ne, dukansu masu baki biyu, suna cikin kabad ɗin ƙarfe da aka ɗaure da kusoshi a jikin bangon wani ɗan ɗaki da baƙo ba ya shiga. Ban taɓa samun matsala da wannan tsari ba sai bara, lokacin da tafiya gida ta kama ni da iyalina baki ɗaya har tsawon mako bakwai, muka roƙi ɗan yayata da ke karatu a wata jami'a kusa da mu ya zo ya yi mana jiran gida. A nan ne na fara neman inda zan kai ajiya, na ƙare a shagon wani dillalin bindiga mai rajista da ke tafiyar minti arba'in daga gidana, kuma a kan hidimar wannan shago nake wannan bayani.

Dole sai an san dokar kafin a gane abin da mutum yake saye da kuɗinsa. Dokar bindigogi ta 1968 ita ce ginshiƙi a Birtaniya, kuma a ƙarƙashinta rundunar 'yan sandan yankin da mutum yake zaune ce ke ba da lasisin bindigar farauta, wanda ke aiki na shekara biyar. A jikin lasisin akwai sharaɗin da ƙa'idojin 1998 suka gindaya, cewa a kowane lokaci bindiga ta kasance a killace ta yadda wanda ba shi da izini ba zai kai gare ta ba, gwargwadon abin da zai yiwu. Wanda ba shi da izini kuwa ya haɗa da matar mutum da ɗansa da duk wani ɗan'uwa da ba shi da nasa lasisin, komai amincin da ke tsakani. Akwai wata shari'a ta shekarar 2000 daga yankin Essex da masu bindiga ke yawan tunawa, inda wani mutum ya rasa lasisinsa saboda mahaifiyarsa tsohuwa ta san inda yake ɓoye makullin kabad ɗinsa, alhali babu wanda ya ce ta taɓa buɗewa. Tun bayan harbin da aka yi a Plymouth a watan Agusta na 2021, inda wani mai lasisi ya kashe mutum biyar, 'yan sanda sun ƙara tsananta bincike, ba su kuma cika karɓar uzuri a kan sakaci da makulli ba.

Wannan shi ne wurin da al'adarmu da dokarsu suka yi karo, kuma shi ya fi batun kuɗi damuna. A wurinmu idan ka bar wa mutum gida, ka bar masa amana ne gaba ɗaya, sai ka damƙa masa tarin makullai ka ce ga gida nan. Ka zare guda ɗaya daga ciki ka sa a aljihu a gaban idonsa, ko ka kulle masa ɗaki ka tafi, abu ne da ke iya barin tabo a zumunci ko da ba a furta ba. Na san wasu masu lasisi sukan tafi da makullan ne kawai su bar bindiga a kabad, kuma ban ga laifinsu ba idan tafiyar ta kwana uku ce. Amma mako bakwai, da matashi a gida wanda abokansa za su riƙa zuwa, da kayan aikin yankan ƙarfe a garejina, da kuma yiwuwar makullin ya salwanta a hanya tsakanin filayen jirgin sama uku, duk sun sa na ga cewa kabad ɗin da ya ishe ni ina nan ba zai ishe ni ba na nan ba. Yaron da kansa ya sauƙaƙa mini, domin da na faɗa masa abin da ke cikin ɗakin sai ya ce, "Kawu, don Allah a fitar da su, ni ma sai na fi samun barci."

Na fara tunanin kai wa wani abokina da muke zuwa filin harbi tare. Doka ta yarda mai lasisin bindigar farauta ya ara wa wani mai lasisi bindiga har tsawon awa 72 ba tare da sanar da kowa ba, amma idan ya wuce haka sai an rubuta ta a lasisin mai karɓa, kowannenmu kuma ya sanar da 'yan sanda cikin kwana bakwai, sannan a maimaita haka ranar da za a dawo da ita. Ba aikin takardun ne ya hana ni ba. Kabad ɗinsa na bindiga huɗu ne kuma uku na ciki, ni kuma ban so in ɗora wa mutum nauyin da idan aka samu kuskure nasa lasisin ne zai tafi.

Ranar da na kai ajiyar na sa kowace bindiga a jakarta babu harsashi a ciki, na shimfiɗa su a bayan mota na rufe, ban tsaya ko'ina ba har ƙofar shagon. Karɓar da aka yi mini ta burge ni ƙwarai, kuma ita ce mafi kyawun ɓangaren hidimar. Mai shagon bai taɓa bindiga ba sai da ya duba lasisina ya gwada hoton da fuskata. Bayan haka ya buɗe kowace bindiga ya leƙa bututunta ya tabbatar babu komai, ya karanta lambar da ke jikinta da ƙarfi yana gwadawa da wadda ke rubuce a lasisi, ya shigar da ita a rajistar da doka ta wajabta wa kowane dillali ya riƙe, ya ɗaura mata tikiti mai sunana. Ya nuna mini wani ɗan ƙwarzane a jikin katakon ɗaya daga cikinsu wanda ni kaina na manta da shi, ya rubuta a rasit domin kada a yi musu daga baya. Da na nemi ganin inda za a ajiye su bai yi gardama ba, ya tsayar da ni a bakin ƙofa ya buɗe mini ɗaki mai ƙofar ƙarfe da ƙararrawar ɓarayi da kyamara, bindigogi a jere a tsaye kowace da tikitinta. Duk abin bai wuce minti ashirin ba.

Kuɗin da aka caje ni fam biyar ne a mako a kan kowace bindiga, wato fam saba'in ke nan na tsawon tafiyar, aka ce in biya ranar karɓa. Ban ga tsadarsa ba idan na auna da darajar bindigogin, balle da wahalar sake neman lasisi ga wanda aka ƙwace wa nasa.

Harsashi kuwa sun ƙi karɓa, suka ce ba su da wurin ajiyar na abokan ciniki. Harsashin bindigar farauta na yau da kullum ba ya cikin sharaɗin killacewa da ke kan bindigar kanta, amma ba abu ba ne da mai hankali zai bar wa baƙo a ƙarƙashin gado. Da an gaya mini haka a waya lokacin da na kira, da ban ɗauko kwali biyu na yi ta yawo da su ba. A ƙarshe na kulle su a kabad ɗin da ya zama fanko, na tafi da makullinsa da na ajiyar ko-ta-kwana duka biyu.

Babban abin da ya rage wa hidimar daraja a wurina shi ne batun inshora, wanda har yau nake ganin sun yi wasa da shi. Na tambaya ko inshorar shagon ta rufe kayan ajiya idan gobara ta tashi ko aka fasa, ma'aikacin da ke kan kanta ya ce ta rufe, amma da na duba bayan rasit a gida sai na tarar da wani ƙaramin rubutu da ke cewa kaya suna nan ne bisa alhakin mai su. Na koma na nuna wa mai shagon, ya ce rubutun tsoho ne ba su sake bugawa ba, sai dai bai ba ni wata takarda da ta soke shi ba. Maganar baki ba ta tsayawa a gaban kamfanin inshora, don haka na kira nawa kamfanin, aka tabbatar mini a rubuce cewa bindigogin na cikin kariya muddin suna hannun dillali mai rajista. Shagon da ya iya rubuta ƙwarzanen da bai kai faɗin farce ba ya kamata ya iya rubuta wanda zai biya idan kayan dubban fam suka ƙone. Na kuma aika wa sashen lasisi na 'yan sandan yankinmu saƙon imel na sanar da su inda bindigogin suke da ranar da zan dawo, domin idan jami'i ya biyo gida ya tarar da ɗalibi da kabad babu bindiga, kada yaron ya rasa amsar da zai bayar.

Da muka dawo na gamu da cikas na biyu, wanda rabinsa laifina ne. Shagon ba ya buɗewa Lahadi da Litinin, mu kuma mun sauka daren Asabar, sai na jira har Talata, aka kuma lissafa mini mako na takwas cikakke saboda kwana uku da suka hau. Na yi magana, mai shagon ya yafe rabi ba tare da ɓata rai ba, amma ƙa'idar ba ta rubuce a ko'ina. A wajen miƙawa an sake bin matakan farko ɗaya bayan ɗaya: lasisi na asali ba hoto a waya ba, karanta lamba, sa hannu a rajista. Wani mutum da ke gabana ya zo karɓar bindigar ƙaninsa da wasiƙa a hannu, aka mayar da shi cikin ladabi, abin da ya ƙara mini natsuwa game da makonnin da nawa suka yi a can.

Bindigogin sun dawo yadda na kai su, sai ɗan ɗigon tsatsa a bakin bututun guda ɗaya, wanda ya fita da mai da tsumma. Ban ɗora wa shagon laifinsa ba, domin ajiya suka yi alkawari ba gyara ba, kuma ni ne na kai ta kwana biyu bayan an yi mana ruwa a filin harbi ban shafe ta da mai sosai ba. Suna da hidimar tsaftacewa da ake biya daban, wadda ba su ambata mini ba sai a ranar karɓa. Tafiya mai zuwa a can zan sake kaiwa, amma zan kira mako biyu kafin lokaci domin ɗakin nasu kan cika a watannin hutun bazara, zan shafe bututun da mai a daren da zan kai, kuma ba zan sa hannu ba sai an rubuta mini matsayin inshora da yadda ake lissafin mako a jikin rasit ɗin.